Yadda Ɗan Dada Ya Yi Mini Tafinta a Masar

Ina fitowa daga filin jirgin Alkahira na hango shi, dogon saurayi mai ɗan gemu cikin farar jallabiya, yana ɗaga hannu, baki har kunne. Tun daga nesa na gane shi, domin tafiyar ta ubansa ce, kunnuwan kuma na gidanmu ne. 'Yar kasuwar Rano da aka damƙa ni a hannunta ta zungure ni ta ce, "Ga ɗanki can." Na kawar da kai na shiga gyara ɗaurin jaka.

Ya iso ya durƙusa. "Adda, sannu da hanya. Yaya jikin?"

Na dubi jakar na ce, "A ɗauki wannan a hankali, akwai daddawa a ciki."

Gaisuwarmu ke nan, bayan shekaru ba mu ga juna ba.

Shi ne ɗana na fari. Mu Fulani ne da muka zauna a gefen Rurum Tsohon Gari muka kama noma. Fulatancin ya fara guje wa bakinmu, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Ana yaye shi kakarsa Dada ta ɗauke shi. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya shigo ta wannan ƙofa na fita ta waccan. In dole ta kama sai in ce "ɗan Dada". Shi kuma Adda yake ce mini, yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu da ni ake misali.

Abin da ya kai ni Masar wani kullutu ne a mamana na hagu. Na yi ta ɓoyonsa ina shafa duk abin da aka ce in shafa, har ya kai girman ƙwan agwagwa, fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo, kaluluwa ta fito a hammata. A Kano aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce kansa ce, ta kai hammata amma ba ta bazu cikin sauran jiki ba. Ɗan Dada yana karatun Larabci a Alkahira, ya ce a kawo ni. Malam, maigidana, ya sayar da bijimai, dangi suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Duk cikinmu babu wanda ya tsaya ya tuna cewa Larabcina bai wuce na salla ba, kuma a duk faɗin ƙasar Masar tafinta ɗaya muke da shi.

A gaban likita na gane ramin da na faɗa. Mace ce, gajeruwa kakkaura, da tabarau a bakin hanci. Ta duba ni a bayan labule, sannan ta zaunar da mu ta fara tambaya. Tun yaushe? Yana ciwo? Yana fitar da ruwa? Ɗan Dada ya ɗaga kai ya ƙura wa fankar silin ido kamar a can aka rubuta fassarar.

"Adda, wai... wai tun yaushe ne... abin?"

Ni kuma na fuskanci bango. "A ce mata lafiya lau."

Likita ta dube shi, ta dube ni, ta dubi bangon. Ta tambaye shi ko faɗa muke yi. Da ya yi mata bayani ta yi dariya har ta cire tabarau tana goge ido. Tana mayar da shi kuma fuskarta ta canja, ta faɗi abin da ban zo ji ba: ba za a yi aiki yanzu ba. Kullutun ya yi girma, ya kama fata. Sai an yi watanni ana ƙara mini ruwan magani ta jijiya, wanda suke ce wa kemo, ya motse ya saki jiki, sannan a yanka.

"Adda, kamar kututture ne a busasshiyar gona," in ji ɗan Dada, har yanzu da fanka yake magana. "In aka finciko shi da rani, saiwa za ta karye ta rage a ƙasa. Sai ƙasa ta jiƙa tukuna."

Ta kuma ja kunnenmu da abu ɗaya. Maganin yana raunana garkuwar jiki, saboda haka duk ranar da na ji zazzaɓi, komai ƙanƙantarsa, a garzayo da ni asibiti nan take. Ta maimaita, shi ma ya maimaita wa fanka.

Raina ya ɓaci. Ni na ɗauka aikin wanzami ne, a tsaga a cire a ɗinke, in koma gida kafin shuka. To amma wa zan yi wa ƙorafi? Muna komawa masauki, wani ɗan gida mai ɗaki biyu can saman bene, na shige na rufe ƙofa na buga wa Malam waya. Shi kuma ya hau tudun bayan gidanmu inda waya take kamawa, ya saurare ni, sannan ya kira ɗansa da ke zaune a falo, bango ɗaya tsakaninmu, ya gaya masa abin da na ce. Tun daga ranar haka muka tsara zamanmu. In ina son ruwan zafi, maganar sai ta je Rurum ta dawo. Malam ya ce tunda yake bai taɓa hawan tudu irin na wannan shekara ba, har gwiwarsa ta warware.

Ta wannan hanya na matsa sai da aka nemo wani ɗan ƙasarmu da na ji labarinsa a bakin 'yar kasuwa, wai ya san likitan da ke yankawa ba tare da wani ƙarin ruwa ba. Ya zo da turare da carbi, yana ce mini Hajiya, yana zagin likitocin da ke tsare baƙi don su tatse su. Ɗan Dada bai so ba, amma umarni ya zo daga saman tudu. Mutumin ya karɓi kuɗin ganin likita, ya keta gari da mu, ya zaunar da mu a wani ɗakin jira mai sanyi, ya ce bari ya shiga ya yi magana. Muka yi ta zama. Na lura duk wanda ya fito daga ciki yana dafe da kunci. Da aka zo kanmu, sai ga mu a gaban mai cire haƙori. Mutuminmu kuwa tuni ya bi ta wata ƙofa.

A motar dawowa na ga kafaɗar ɗan Dada tana rawa, yana danne dariya. Na ja mayafi na rufe fuska, ni ma tawa tana rawa. Baƙo ko da ido makaho ne. Washegari muka koma wurin mai tabarau, muka ce a sa ruwa.

Ɗakin kemo ɗaki ne mai kujeru jere, kowace mace da ledar ruwanta a rataye. Nawa ja ne kamar zoɓo, kuma fitsarin ranar ma haka ya fito, na tsorata na rasa wanda zan tambaya. A zuwa na biyu ina zaune ina kallon ɗigon ruwa, sai na ji daga kujerar kusa an ce, "Ke, baiwar Allah, wannan zanen fuska na ƙasar Kano ne ko?"

Na kusa fizge allurar don murna. Sunanta Hajja Batulu, baƙa siririya mai haƙorin Makka, 'yar Sudan ce da yaƙi ya koro su Masar. Hausarta irin ta tsofaffi ce, an yayyafa mata Larabci.

"Kakanmu ya taso daga ƙasarku a ƙafa zai tafi Makka," in ji ta. "Ya tsaya a Sudan ya ɗan huta. Hutun ke nan har yau."

Ita ta gaya mini jan fitsari ba jini ba ne, launin magani ne. Ita ta koya mini tsotsar ƙanƙara saboda gyambon baki, da cin abinci kaɗan-kaɗan saboda tashin zuciya. In ranarmu ta haɗu, ita ke yi mini tafinta, in saki baki in faɗi komai. Da ta gane yadda muke da ɗan Dada, ta tafa hannu har nas ta leƙo.

"La ilaha illallahu! Har yanzu kuna wannan? Mu a hanya muka yar da shi, ya yi mana nauyi. Wannan zankaɗeɗen ne ba kya kiran sunansa? Ba ni shi, ni in kira safe da yamma."

Na ce mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce ai ta girme ni, kuma ba ta hango komai ba.

Kemo ba wasa ba ne, kada wani ya ji ina raha ya ɗauka biki na je. Kwanakin farko bayan kowane ƙarin ruwa, ko warin albasar maƙwabta sai ya juya mini ciki. Ruwa ya koma ɗanɗanon ƙarfe. Wata safiya na zo warware kitso, kitson ya biyo hannuna. Gashin da mata ke zuwa tun daga Madachi su kalla ranar biki, ga shi a cinyata. Na yi kuka mai isata, fuska cikin matashi don kada a ji a falo. Da na nuna wa Hajja Batulu, ta zame ɗankwalinta ta nuna mini nata kan, tas kamar ƙwarya.

"Mun huta da kuɗin kitso," in ji ta. "Zai fito, ya fi na da laushi."

Kewar gida kuwa ba a magana. In na leƙa taga sai benaye da motoci, babu ko akuya. Na yi kewar ƙamshin ƙasa in an yi ruwan fari, da kukan maruƙa da yamma, da kindirmon da na kafa da hannuna. Abincinsu ya ƙi shiga. Wata rana na ji ana ƙwanƙwasa tukunya a kicin, can sai aka ajiye kwano a bakin ƙofata, aka yi gyaran murya, aka fita. Na buɗe. Miyar lalo ce! Ashe Misirawa ma suna cin lalo, sunan kawai suka sauya masa. Ya sa daddawar da na zo da ita, ya tuƙa tuwon shinkafa mai gudaji kamar tsakuwa. Na cinye tas. Daga ranar kullum sai ya ajiye kwano, ya yi gyaran murya, ya je ya zauna a matakalar bene da littafinsa har in gama. A raina na ce Dada ta iya tarbiyya, tuƙin tuwo ne dai ba ta koya masa ba.

Ana tsakiyar damina a gida zazzaɓin ya zo. Da hantsi na fara jin sanyi, alhali garin kamar tanda. Kafin azahar haƙorana suna haɗuwa. Na tuna gargaɗin likita sarai, ban manta ko kalma ɗaya ba. Na ɗauki waya na kira Malam, ba ta shiga ba. Na sake, na sake. Ashe ruwa ake yi a Rurum kamar da bakin ƙwarya, wayarsa kuma ba caji. Na kira Hajja Batulu, ba ta ɗauka ba. Ina jin ɗan Dada a falo yana bitar karatu a hankali. Na buɗe baki. Me zan ce? In ce ina jin ciwo, ni, a gabansa? Ni da ranar haihuwarsa ko uhum ban ce ba? Na ja bargo na ce bari in ga la'asar.

Kwanon lalo ne ya tone ni. Ya dawo daga matakala ya tarar da shi a rufe yadda ya ajiye. Ya yi sallama, shiru. Ya turo ƙofar da bai taɓa turawa ba. Abin da na iya tunawa shi ne tafin hannunsa a goshina, da yadda ya saɓa ni a baya ya sauka benen nan da gudu, ina jin bugun zuciyarsa ta bayansa.

Na yi kwanaki a gadon asibiti ana ɗura mini allurai. Likita ta ce da an kai dare, da wani labarin ake yi. Ta yi faɗa sosai, kuma dole shi ya fassara faɗan. Da ta fita sai ya ja kujera ya zauna a gabana. Wannan karon bai nemi fanka ba.

"Adda, ki yi haƙuri, yau zan yi rashin kunya. Dada ta rasu. Da aka binne ta ina nan, ban samu zuwa ba. Ke kika rage mini. Ban ce ki kira sunana ba, ban ce ki ci abinci a gabana ba. Amma in kin ji ciwo, ki buga bango, ki jefo takalmi, ki yi duk abin da za ki yi. In kika mutu a bayan ƙofar nan ina falo ina karatu, me zan yi da karatun?"

Na ɗago kai. Na dube shi, kallon da ban taɓa yi masa ba tun yana cikin zanen goyo. Ashe yana da tabo a haɓa. Ban san ranar da ya samu ba, kuma abin ya yi mini zafi fiye da allura.

Da muka koma masauki na fara da takalmi. Bugu ɗaya a bango ruwa ne, bugu da yawa a zo da sauri. Malam ya huta da tudu, har ya bugo yana tambaya ko an manta da shi.

Sannu a hankali kututture ya fara jin ruwa. Kullutun da yake kamar dutse ya yi laushi, ya koma kamar goro, ya koma kamar gyaɗa, har wata safiya na laluba na rasa. Kaluluwar ma ta kwanta. Na gaya wa Malam, Malam ya gaya wa gari. Aka yi sadakar waina, aka ce addu'a ta ci, in tattaro in dawo, me ya rage a yanka? Ni ma zuciyata ta tafi gida, har na fara ninke zannuwa. Amma na riga na ga inda shiru yake kai mutum. Ranar ganin likita na juya wajen ɗan Dada, ba wajen bango ba, na ce, "Ka tambaye ta, tunda ya narke, aikin na mene ne?"

Ya dube ni, sannan ya fassara. Likita ma ta lura, ta dube mu ta saman tabarau tana murmushi. Ta ce wannan shi ne abin da ake nema, maganin ya yi aikinsa. Amma abin da hannu bai ji ba yana iya ragewa, ƙanana kamar irin ciyawa, in aka bar su za su tsiro. Yanzu ne lokacin cirewa, yanzu da ƙasa ta jiƙa. Za a cire maman duka da kaluluwar hammata, daga baya a gasa wurin da na'ura.

Na ce, "Ka ce mata na shayar da shida da shi, ya gama aikinsa. Ta ɗauka."

Da yamma na ji shi yana yi wa ubansa bayani a waya, a tsanake, har Malam ya ce to Allah ya sa a yi a sa'a.

An shiga da ni da safe. Hajja Batulu, wadda aka yi wa nata aikin kafin nawa, ta zo da gashinta sabon tsiro ta raka ni har ƙofa tana tsokanata, wai in na ga kakanta a mafarki in ce masa hutun ya isa. Aka ɗora mini wani abu a hanci, shi ke nan.

Na farka rana ta karkata. Ƙirjina a ɗaure, maƙogwarona a bushe kamar na yi azumin bazara. Ɗakin shiru. Can jikin taga na hango shi tsaye ya ba ni baya, carbi a hannu, kafaɗarsa tana rawa, kuma wannan karon ba dariya ba ce. Na lalubi takalmi, babu. Bangon ya yi mini nisa. Na kwanta ina kallon bayan nan da ya sauko da ni daga bene, na ji wani farin ciki ya cika ni har wuya. Ina raye. An cire. Ga kuma wanda na haifa.

Na ce, "Usmanu."

Ya juya da sauri, amma wajen ƙofa ya duba. Ya leƙa waje, ya duba hagu da dama, yana neman wanda ya kira shi. Bai san sunansa da wannan murya ba.

"Ni ce," na ce. "Usmanu, ba ni ruwa."

Ya tsaya kamar an dasa shi. Sannan ya taho ya durƙusa a bakin gadon, yana dariya hawaye na zuba cikin gemu.

"Na'am, Inna. Likita ta ce ba yanzu ba. Amma ki sake tambaya."

Na sake tambaya. Ya sake hana ni. Muka yi ta yi har nas ta shigo ta ce ya isa.

Sakamakon abin da aka cire ya yi kyau, aka yi gashin, na dawo Rurum an gama girbi. Har yanzu ina shan magani, ina zuwa Kano ana duba ni. Gashi ya fito, kuma gaskiyar Hajja Batulu ce, ya fi na da laushi. Duk matar da ta zo gaishe ni sai na ja ta ɗaki na ce ta laluba nata, in ta ji wani abu kada ta tsaya shafe-shafe irin nawa.

Ranar da ya fara bugo waya bayan dawowata, tsakar gida cike take da mata ana sussukar dawa. Ƙanwata ta miƙo mini wayar tana raɗa, "Ɗan Dada ne, in ce kina gaishe shi?" Na karɓa na kara a kunne, a gaban kowa.

"Usmanu, ka ci abinci?"

Taɓare suka tsaya cak. Wata tsohuwa ta saki salati. Na rufe bakin wayar da hannu na ce mata, "Goggo, a ci gaba da sussuka, da ɗana nake magana."